Ginshiƙan da Aka Jefa a Teku

A gidanmu na unguwar Whalley Range, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai wata hita mai jan ido. Gabanta Hajiya, mahaifiyar Baba, take zama bayan magariba, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ni da ƙannena mu kewaye ta. Ciwon ƙoda ne ya sa Baba ya ɗauko ta daga Kano, kuma tun da ta sauka burinta ɗaya ne: a mayar da ita ta mutu a ɗakinta.

Ni na jawo tatsuniyar. A makaranta aka koya mana labarin mutanen Norway na zamanin da, masu ratsa teku mai sanyi a jiragen katako suna neman ƙasar zama. In sun hango gaɓar Iceland, sai maigida ya jefa ginshiƙan kujerarsa ta gado cikin ruwa. Inda ruwa ya kai su, nan zai kafa gida. Na ba ta labarin da guntuwar Hausata. Washegari ta dawo mana da shi, ya zama nata.

"Ga ta nan, daga bakin maigidana na ƙwace ta," in ji ta, tana jan kunnena.

A tata tatsuniyar akwai tsohuwa a cikin jirgin, uwar mai jirgin. Sanyi ya cinye mata ƙashi, ba ta iya cin kifinsu. Da ɗanta ya jefa ginshiƙan, sai ginshiƙan suka juya suka nufi gida. Kowa ya gani. Shi kuwa ya kau da kai, ya ce a ci gaba da tuƙi.

"That's not how it goes, Hajiya! Babu tsohuwa a ciki," na ce.

"Akwai. Malamarku ce ba ta leƙa cikin jirgin ba."

Baba na gefe yana aiki a kwamfuta, yana ji. Kullum sai ta maimaita, kullum roƙon tsohuwar yana ƙara tsawo: ko a kwalekwale a sa ta, ko ita kaɗai ce za ta tafi. Wata rana muryarta ta karye, ta bar tsohuwar gaba ɗaya.

"Sani, don girman Allah ka mayar da ni."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Consultant, babban likitan, ya ce ba za ki jure flight ba. Dialysis ɗin fa, wankin ƙodar?" in ji Baba.

"To in mutu a hanya mana, fuskata tana kallon gida."

Baba ya shige banɗaki ya buɗe famfo. Mun ji kukansa duk da haka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ba ta ƙarasa mana tatsuniyar ba. Aka mayar da ita wani asibiti a Birmingham, can ta cika, can aka binne ta. Baba, da kullum yake cewa baɗi za mu koma gida, bai ƙara faɗa ba. Sai ma ya kwashe mu muka koma unguwar Edgbaston a Birmingham, don ya riƙa ziyartar kabarinta ranar Juma'a.

Bana aka yi mini tayin aiki a Abuja. Matata har ta fara neman makarantar yara. Na je maƙabarta don in yi wa Hajiya sallama, na tsaya a cikin yayyafi, na kasa. Baba ya tsufa, in na tafi wa zai riƙa zuwa?

A nan na gane abin da ya fi ci mini rai. Ita da ta yi ta roƙon a mayar da ita, ita ce ginshiƙin da muka jefa a ruwa. Inda ta tsaya, nan muka kafa gida, kuma babu wanda ya tambaye ta.