Garin da Ba a Haihuwar Ɗan Fari

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Kaoje. Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan ta matsu sai ta ce "waccan", ranar da take cikin nishaɗi kuma ta ce "ta wajen tsohuwa". Kunya ce, in ji manya, ba ƙiyayya ba. Na sani sarai. Amma sani daban, zuciya daban. Tun ina ƙarama nake kwaɗayin in ji ta ce ni tata ce, ko da sau ɗaya.

Na girma, na shiga jami'a, lissafi ya ja ni har ya kai ni nazarin ƙwayoyin halitta, wato yadda 'ya'ya ke gadon abubuwa a jini daga iyayensu. Da na zo digiri na uku sai na ɗauko tambayar da na taso da ita. Me ya sa kawunnaina na ruga ke shanye ƙwaryar madara su miƙe su bi shanu, amma dangin babana, manoman shinkafa na Geza, kofi ɗaya ke sa cikinsu ya kama ƙugi? Kafin a amsa wannan, sai an samu yawun iyaye da na 'ya'yansu, an kuma san wa ya haifi wa. Idan nan ya rikice, duk lissafin ya tashi a tutar babu.

Muka iso Bagudo da kwalaye cike da ƙananan kwalabe, ni da abokiyar aikina, wata 'yar Kudu mai fara'a wadda ta koyi Hausa lokacin bautar ƙasa. Muka nemi izinin masu gari, muka zauna muka yi wa mutane bayani dalla-dalla. Ai kuwa mun sha tambaya! Wani dattijo ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an roƙi yawun mutum don alheri ba. Sai da na ambaci sunan kakana, ya gane jikar wa ce ni, sannan ya karɓi kwalba. Ya tofa, abin ya fito jawur. Goro ne. Muka roƙe shi ya haƙura da ci na ɗan lokaci, ya ce wannan binciken namu ya fi azumi wuya.

Abokiyar tawa ce ke yi wa mata tambayoyi, ni ina kula da kwalabe da ƙanƙarar da ke hana yawun lalacewa. Wata rana da la'asar ta same ni gindin mangwaro, ta zauna tana fifita da mayafi.

"Ke, garinku akwai abin mamaki," in ji ta. "Mace za ta yi aure da ƙuruciyarta, amma ba ta fara haihuwa sai an daɗe. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan kowa! Jiya wani mai gemu ya kawo wata tsohuwa a babur, kamarsu ɗaya har hanci. Na tambaye ta ko ɗanta ne, ta ce wai yaron gidansu ne kawai."

Na dafe kai. Innalillahi! Ni da abin ya ci a jikina, ni ce na zauna a ofis na tsara tambaya wai "'ya'yanki nawa?" kamar baƙuwa. Babu macen da ta yi ƙarya a ganinta. Kowacce ta tsallake na farin ne ta fara ƙirga daga na biyu, kamar yadda uwarta ta yi. Na yi wa abokiyata bayani, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya cak ta dube ni. Ta san ni ma 'yar fari ce.

Muka sake bin sawu gida-gida, har ƙauyukan tsallaken iyaka a Benin, inda rabin dangin Inna suke. Dabararmu mai sauƙi ce: a zaunar da mace tare da ƙanwarta ko aminiyarta. Abin da uwa ke jin nauyin faɗa, bakin aminiya ba ya jin nauyinsa ko kaɗan. Sai ka ji ta ce, "Akwai babban, ga shi can yana ɗaure jaki." Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ku dai kuka ji." Shi kenan, aiki ya miƙe.

Gidanmu muka bari a ƙarshe. Ƙa'idar bincike ta hana ni yi wa dangina tambaya da kaina, don haka abokiyata ta shiga wurin Inna, ni kuma na tsuguna bayan zana wai ina gyara ƙanƙara. Ƙanƙarar lafiyarta ƙalau. Kunne na kasa. Na ce a raina, yau ko don aikina, ko don baƙuwa, ai za ta faɗa.

Inna ta ƙirgo ƙannena ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, har da autanmu da ke karatu a Birnin Kebbi. Nan ta tsaya.

"Mama, ba saura?" in ji abokiyata.

"Su ke nan."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da furfura ta fara leƙo mini, da digiri biyu a hannu, ga ni bayan zana hawaye na neman zubowa. Har na yunƙura zan tashi sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, tana yi wa abokiyata magana.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Injin nan naku, in an ba shi miyan mutum biyu, yana gane wa ya haifi wa?"

"Yana ganewa, Mama."

"Ko ba a gaya mishi ba?"

"Ko ba a gaya masa ba. Ba ya kuskure a kan uwa da ɗa."

"To, madalla. Miƙo kwalbar."

Na leƙa ta ƙofar zana. Inna, wadda ko ruwa ba ta sha a gaban baƙo, ta juya baya ta yi ta tofawa har ta wuce layin da aka zana. Abokiyata ta ce ya isa, amma Inna ta ƙara. Ta rufe da kanta, ta goge kwalbar da bakin zane, ta miƙa da hannu biyu.

"Waccan da ke bayan zana," in ji ta, ba tare da ta waiwayo ba, "ta tofa nata?"

"Tukuna, Mama."

"Ki ce mata ta tofa. Kuma ki aje su kusa da juna, kada injin ya sha wahalar nema."

Na ɗauki kwalba na buɗe, amma bakina ya bushe ƙamas, dariya da kuka sun haɗe mini. Sai da Inna ta aiko ƙanwata da ruwa a kofinta, wanda ba ta yarda kowa ya sha da shi.