Rabon Gandun Gidanmu

Rumbu huɗu, baki ashirin da shida, gona ɗaya. Haka gidanmu na Mawashi yake ina yaro, kuma daga girbi zuwa girbi ban taɓa ganin an sayo tiyar gero ba.

Bayan isha'i mukan kewaye murhun Iya Hanne, mahaifiyar babanmu, tana gasa mana gyaɗa a toka tana tatsuniya. Akwai wadda ba ta gajiya da ita. Wai wasu 'yan'uwa uku ne uwarsu ta rasu ta bar musu tukunya ɗaya. Kowa ya ce a ba shi gadonsa. Aka fasa ta, aka auna, kowa ya tashi da tsingaro daidai da na ɗan'uwansa.

"To, wa aka zalunta?" in ji Iya.

Mu ce, "Ba kowa!"

"Wa kuma ya ci tuwo ran nan, 'yan nema?"

Sai mu fashe da dariya.

Na girma na koma Kankia, daga dakon buhu har na zama dillalin hatsi. Iyayenmu suka rasu, aka raba gandun bisa ƙa'ida, ba wanda ya ɗaga murya.

Bara, wata uku bayan girbi, na hango yayana Sale a kasuwa yana ciniki a rumfar wani, ya juya mini baya.

"Yaya, mi kake saye?"

"Gero."

"Na iri?"

"Na tuwo, Alhaji. Bar zare mani ido cikin mutane."

Washegari na je na ga gonar. Kashi goma sha ɗaya, kowace iyaka an dasa mata gamba, kowace gamba ta cinye wurin shuka. Rabon Sale kunyoyi tara ne. Shanun huɗa ba sa iya juyawa ba tare da sun taka na maƙwabci ba. Fulanin da kan sauka da garke bayan girbi su bar mana taki sun daina zuwa, don babu inda garke zai kwanta.

A da na ɗauka kwaɗayi Iya take zagi a tatsuniyar tukunyar nan. Amma a gidanmu ba wanda ya yi kwaɗayi, kowa haƙƙinsa ya karɓa. Hatsin Sale na kai shi wata uku, sauran tara kasuwa ce ke ci da iyalinsa. A lissafin dillali na samu masu saye gida goma. Ban taɓa cin ribar da ta hana ni cin abinci ba sai wannan.