Hannuwan da Suka Dunƙule Ranar Juma'a

Duk unguwarmu ta Rusaifa babu wanda ya kai ni sanin teku. Haka nake gaya wa baƙi, ni da ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba. Da na kafa tankin gilashi na ruwan gishiri a falon gidanmu, cewa na yi ko kifayen Jidda sai sun nemo izinin zama a wurina.

Mai shagon da na je wa a Jidda wani dattijon Bahaushe ne da iyayensa suka zo ta Sudan. Na nuna wani murjani mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa, ya girgiza kai.

"Ya Hajji, wannan ko harara ka yi masa ya mutu. Sabon shiga da masu taurin rai yake farawa."

Ya zaɓa mini uku: wani kore mai shimfiɗa kamar ciyawa, wani mai faɗi kamar naman kaza, da wani mai ƙananan hannuwa fiye da ɗari, suna buɗewa suna rufewa ba hutawa. Ya ce waɗannan ko da gangan da wuya a kashe su.

Inna, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, ta daɗe tana kallon hannuwan nan. Ta ce murjanin da ta sani a wuya ake rataya shi, ba ya kiran mutum da yatsu.

Juma'a ta farko, bayan mun sauko daga masallaci, na tara abokai, na naɗe hannun riga na gyara zaman duwatsun don su ga gwaninta. Da la'asar gidan ya yi tsit, labule a sauke, babu haske sai shuɗin fitilar tankin. Na leƙa. Hannuwan duk sun tsaya, kowanne ya dunƙule kamar na jariri. Koren ya shige dutse, saura wata fata mai launin hanta. Sai ranar Litinin suka soma buɗewa, ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a ta biyu haka aka sake yi. Ta uku kuwa, mai kama da naman kaza ya saki dutsensa, na same shi can bayan tanki, a lungun da ya fi nisa da mutane. Abin da ba shi da ƙafa. A saman ruwan akwai wani maiƙo siriri mai walƙiya, faɗinsa kamar tafin hannu.

Inna ta sunkuya ta shinshina, ta ja da baya.

"Ruwan nan ƙamshi yake yi. Wani yana zuwa wanka a ciki."

Na yi dariya, amma daga ranar nake sallama kafin in shiga falona. Inna ta sa aka riƙa turara ɗakin safe da yamma. Hannuwan suka daina buɗewa ko ranar Litinin, suka sunkuya gefe guda, suna fuskantar ƙofa. Sai ta haɗa jakarta. Ta ce ko tankin ya fita, ko ta koma unguwar Shisha wurin ƙanena, wanda shekara goma yake jiran ranar da za a ce na kasa riƙe uwata.

Na roƙi dattijon ya zo. Ya iso wata Juma'a bayan salla, Inna na zaune da jaka a gabanta. Ya gwada gishiri, ya gwada zafi, duk daidai. Na naɗe hannun riga zan nuna masa dutsen da aka gudu daga kai, sai ya cafke wuyan hannuna, ya kai hanci.

"Man turaren ud. Kullum kake shafawa?"

"Juma'a kawai. Har gwiwar hannu, ni ba na rowa."

"Sannan ka tsoma shi a ruwan?"

Na zare hannuna, na sauke hannun riga. Ya ce a sauya ruwa, a fitar da kaskon turare daga falo, a kuma fitar da hannuna daga tanki.

Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafa.

"Ashe aljanin ni na haife shi," in ji ta. "Shekara hamsin ina ba shi tuwo."