Giciye Mai Ramuka

In ka shiga Dakoro kana neman Abdulmumini mai walda, ba wanda zai yi maka dogon kwatance. Bi ƙarar ƙarfe kawai; in ka ga wani ƙaton mutum ya cika ƙofar rumfa har iska ba ta samun wurin wucewa, to shi ne. Jiki kam tubarkalla. Abin dariyar shi ne duk aikin da ya fito daga hannunsa siriri ne, shara-shara, kai ka ce ba zai ɗauki kaza ba.

A wurin uwarsa ya gaji wannan hali. Marigayiya Hamsatu gadon kara take ɗaurawa a Kornaka, ta kai kasuwa. Sauran mata tula kara suke yi tsaye da kwance don gado ya yi ƙarfi, amma wata biyu sai ya kama lilo. Ita kuwa karan nata bai kai rabin nasu ba, sai dai kowane gurbi mai kusurwa huɗu sai ta ratsa shi da kara ɗaya a karkace, ta ɗaure tamau. Takan ce masa, "Taɓa ka ji. Da huɗu ce, tana rawa. Yanzu na raba ta uku-uku, motsa ta in gani." Da ya girma ya je Maradi ya koyo walda, abin da ya ƙaru da shi wuta ce kawai, dabarar tun gida ya tafi da ita.

Wata shekara, gab da bazara, wani dattijon makiyayi mai suna Abarci ya zo masa daga wajen Azagor. Rijiyar da kakansa ya gina, mai zurfin gaba arba'in, gara ta cinye gungumen da aka gicciya a bakinta, wanda igiyar guga ke rataye a jikinsa. Itace mai wannan kauri kuwa ya ƙare a dajin. Ga rijiyar ta cika da laka, in ba a yashe ta ba dabbobi sai dai su tashi. Abarci ya ce giciyen ƙarfe yake so.

Kwana tara Abdulmumini yana kan aikin nan. Dogayen sandunan ƙarfe uku ya shimfiɗa, ya bi tsakaninsu da gajeru a karkace, hawa da sauka, har tsawon ya cika da kusurwa uku-uku. Ya ɗora a mota ya kai da kansa.

To, su makiyaya ba a gaya musu ƙarfin abu da baki. Ɗagawa suke yi su ji nauyi, yadda suke wa rago a kasuwa. Abarci ya sa hannu ɗaya ya ɗaga bakin giciyen, sai ga shi ya taso sakayau. Nan take fuskarsa ta canza.

"Haba maƙeri! Mun ce ƙarfe, ka kawo muna kwando?"

"Baba, ku bari a kafa shi tukuna."

Aka kafa. Raƙumi ya ja wasaki, babban gugan fata, cike da ruwa sau uku, ƙarfe ko gezau. Amma Sallau, mai yasar rijiyar da aka ɗauko, ya leƙa ya girgiza kai. "Ruwa in ya faɗa gida ya koma. Ni hwa ɗiya biyar gare ni. Ba ni rataya raina ga ramukka."

Shi ke nan, magana ta tsaya. In Sallau bai shiga ba, rijiya ta mutu, kuma daga Azagor har Tagriss sunan Abdulmumini ya zama mai kwando. Abin da ba wanda ya sani a wurin shi ne, bawan Allah nan duk girmansa tsoron rijiya yake kamar me. Ko ta cikin gari ba ya leƙawa. Ya tsaya yana zufa, ya dubi aikinsa, ya bi kowace mahaɗa da ido. Sai ya tuɓe riga.

"Malam Sallau, na yi biyunka ko ban yi ba?"

"Ka yi, har da ɗori."

"To ɗaura mini igiyar."

Aka riƙa matso da raƙumi a hankali, Abdulmumini yana nutsewa, ido a rufe, ba addu'ar da bai karanto ba. Da ƙafarsa ta taɓa laka ya buɗe ido ya dubi sama. Can nesa ga ɗan haske kamar faifai, ga kusurwoyin nan uku-uku sun ratsa shi, sak yadda yake ganin gadon uwarsa daga ƙasa in ya ɓuya a ƙarƙashinsa yana yaro. Wallahi sai ya ji tsoron ya sake shi. Ya cika wasaki da laka fal, ya rataya a igiyar da yake kai, ya yi ihu a ja su tare.

Ya fito baƙi ƙirin da taɓo, ya zube a ƙasa yana haki. Abarci bai ko dube shi ba. Sandarsa ya ɗauka ya shimfiɗa a kan giciyen, ya durƙusa ya kanne ido ɗaya yana neman inda ya lanƙwashe. Ya daɗe yana nema. Kafin ya miƙe, Sallau ya riga ya kwance igiya daga ƙugun Abdulmumini yana ɗaura wa kansa.

Dattijon ya zo ya tsuguna gabansa, ya miƙa masa ƙwaryar nono da hannu biyu.

"Maƙeri, gaya mini gaskiya. Wane injiniya ya koya maka wanga aiki?"

Abdulmumini ya sha, ya goge baki, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke bakin rijiyar zai ji.

"Hamsatu mai gadon kara, ta Kornaka. Ita ta haife ni."