Ɗakin da Baba Ya Hana a Huda

Ni Bakano ne na cikin ganuwa, kuma duk ruwan da ya fi ƙarfin buta daga nesa nake gaishe shi. Ko bahon wankan gidanmu na Germantown a jihar Maryland, in ruwa ya kawo mini idon sawu, sai in fara tunanin wasiyya. Amma Allah da ikonsa ya haɗa ni aure da 'yar Sarkawan Yawuri, mutanen da in ka jefa jaririnsu a kogi zai fito maka da giwan ruwa a hammata.

Mahaifinta, wanda duk gidan muke kira Baba, ya zo mana a lokacin kaka aka yi masa aikin gwiwa. Aiki ya yi kyau. Likita ya ce abin da ya rage shi ne motsa ƙafar a asibiti sau biyu a mako har sanyi ya fita, in kuwa aka yanke a tsakiya gwiwar za ta sandare, shi da durƙusawa cikin kwale-kwale sai dai a mafarki.

Da sanyi ya kankama, sai Baba ya koma bakin taga. Mutumin da ya shekara hamsin yana sallar asuba a bakin kogi, ga shi an ajiye shi yana ƙirga motocin maƙwabta. Uwargida ta je har Hyattsville ta sayo masa kifi, ya shinshina ya ture kwanon ya ce wannan kifin ya riga kakansa rasuwa. Wata safiya muna karyawa ya ce:

"A nemo mini tikiti. Gida za ni."

Uwargida ta bi ni kicin, idonta ya kawo ruwa. "Baban yara, in ya tafi yanzu ƙafar nan ta lalace. Kuma ka san shi, in ya ce zai yi, ya yi."

A ranar ne wani Bature abokin aikina ya nuna mini hoto a waya: tafki ya daskare, ga ɗan ɗakin katako a kansa kamar shagon mai shayi, mutane na ciki suna kamun kifi ta rami. Ya ce a can yammacin Maryland, kan duwatsu, akwai tafkin da ke daskarewa haka in sanyi ya yi sanyi. Ana ɗora ɗakin a tirela a ja shi da mota, a bakin ruwa a sauke, a ja shi da igiya a kan ƙanƙara.

Na dawo gida na cire takalmi, na durƙusa na gaida Baba, na ce ina so in gina masa ɗaki a kan ruwa.

A nan sai in faɗi yadda zamanmu yake. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, amma bayan gaisuwa Baba bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Kunyar surukuta ce irin ta da. Ko muna zaune kafaɗa da kafaɗa, sai ya juya wajen 'yarsa. Ran nan ma haka ya yi.

"Ki tambayi mijinki, ya taɓa riƙe guduma?"

Na ce a faɗa masa ni injiniya ne.

"Na kwamfuta," in ji uwargida. Ban san wa ya tambaye ta ba.

Na sayo katako da falanki da soson hana sanyi, na samo tsohuwar tirela wajen abokina mutumin Maraɗi, direba ne mai a-kori-kura. Na shimfiɗa zanen da na fitar daga kwamfuta a gareji, na soma aiki. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta tashi sama, har yau ba ta dawo ba. Ta uku na same ta daidai, sai dai babban yatsana yana kanta. Ihun da na yi, ina jin har a Fadar White House sun leƙo ta taga.

A rana ta uku na ji takun sanda a matakala. Mataki goma sha biyu ne daga falo zuwa gareji, kuma mako shida ma'aikacin asibiti mai motsa masa ƙafa yana roƙon Baba ya sauka ko uku yana ƙi. Ga shi ya sauko duka, uwargida na biye da shi da bargo. Ya zagaya aikina sau ɗaya, ya girgiza bango guda da yatsa biyu, bangon ya kwanta.

"Ki ce wa mijinki ya miƙo gudumar nan kafin ya kashe wani."

Daga ranar na sauka daga injiniya na koma mai riƙe katako. Uwargida kuwa ta zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa. Tana zaune kan bokitin fenti cikin rigunan sanyi uku tana isar da saƙo. Ki ce ya ɗaga. Ki ce ba nan ba. Ki tambaye shi idonsa na gani kuwa? Ni ma in zan amsa sai in ce a faɗa wa Baba na gode. Zanen kwamfutata shi aka shimfiɗa aka ɗora tukunyar kwalta.

Don Baba jirgi ya sassaƙa, ya yi masa rufi. Kowace gaɓa ta daɓen sai da ya cusa mata auduga da bakin wuƙa, ya bi ta da kwalta, ya sake bi. Ya ɗaga gefuna kamu ɗaya, gaban ya ɗan tashi sama kamar hancin kwale-kwale. A ƙasa muka kafa dogayen katakai biyu masu santsi don ja a kan ƙanƙara. Ya soma cin abinci. Har kifin da ya riga kakansa rasuwa ya ci, ya nemi ƙari. Tikiti kuwa ba wanda ya ƙara jin sunansa.

Sai ranar huda ta zo. Na ɗauki fensir na zana da'ira biyu a daɓen, kowace kamar faifai, na jona zarto a wuta. Ina ɗagowa na ga Baba ya zauna daram a kan da'irar, ya miƙe ƙafar da aka yi wa aiki.

"Ki tambayi mijinki mi zai yi."

Na ce a faɗa masa ta nan ake zura ƙugiya. Ramin daɓe a kan ramin ƙanƙara, mutum na ciki cikin ɗumi. Ai amfanin ɗakin ke nan.

"Ki ce masa tun ina ɗan shekara bakwai nake toshe huda a gindin jirgi. Ubana ma aikinsa ke nan. Yau a ce ni, da furfurata, in tsaya a huda da gangan? Har biyu?"

Na nuna masa hoton Turawa a waya. Ya duba da kyau ya ce waɗannan ba su da mai jiransu a gida. Ya ce shi bai san ƙanƙara ba, amma ya san ruwa, kuma ruwa ko ya sa farar riga ruwa ne. In ta fashe da mu, ɗakinsa zai yi iyo, nawa mai huda kuwa zai kai mu gaida kifi har gida. Ya rufe da cewa in zarton nan ya taɓa katakon nan, a nemo tikitin.

Wa zai yi gardama da suruki? Na zare wayar zarto. Amma da ya hau sama, na ɗauki ƙaramin zarton hannu na cusa ƙarƙashin bencin ɗakin, na rufe da darduma.

Muka gama ɗaki, sai ƙanƙara ta ƙi zuwa. Janairu ya shigo da rana kamar an aiko ta daga Kano. Ni da na shekara ashirin ina zagin sanyin ƙasar nan, sai ga ni ina roƙonsa bayan kowace salla. Baba ya koma bakin taga. Ya tsallake zuwa asibiti sau ɗaya, ya tsallake na biyu. Uwargida ta daina yi mini magana sai da ido.

Ran wata Alhamis mutumin Maraɗi ya kira. "Bakano, ka fito da akwatin gawarka. Na kai kaya can kan duwatsu, na ga mutane bisa ruwa kamar kasuwa. Ka yi permi na kamun kifi dai ko? Kada a kama mu da tsoho."

Asabar bayan sallar asuba muka kama babbar hanya mai lamba 270, ɗaki na biye da mu yana rangaji. Duk motar da ta wuce mu sai an ɗaga waya an ɗauke shi hoto. Wajen awa uku muka yi. Uwargida ta leƙa tafkin ta gilashi, ta ce ita a mota za ta zauna, in mun nutse a samu mai ba da labari.

Kwalta da audugar Baba sun sa ɗakin ya yi nauyin masallacin Juma'a. Ni da mutumin Maraɗi muka ɗaura igiya a ƙugu muna ja kamar shanun huɗa. Ƙanƙara ta yi wata ƙara a ƙarƙashinmu, doguwa, kamar cikin ƙato mai yunwa. Na karanta duk abin da na haddace, har da karatun da ban san na iya ba.

"Bakano, addu'ar shiga kasuwa kake yi," in ji mutumin Maraɗi.

Baba kuwa yana tafe a baya, ya rataya ƙusoshin taka ƙanƙara a takalmi, yana dukan ƙasa da sanda yana saurare.

Muka ari abin huda ƙanƙara wajen wani dattijo, muka yi rami a bakin ƙofar ɗaki, daga waje. Muka shiga ciki mu uku muka bar ƙofa a buɗe, Baba ya zura zare ta nan. Iska ta ce salamu alaikum ta shigo ta zauna tare da mu. Ɗan murhun gas ɗinmu ya mutu sau huɗu. Zaren ya daskare ya miƙe kamar tsinken tsire. Gemuna ya yi ƙanƙara har ina jin yana ƙara in na yi hamma. Turawa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yaba aikin katako, sai su leƙa ciki su duba daɓe, su dube mu, su tafi suna waiwaye.

Kusa da mu akwai wata tsohuwa ita kaɗai a durƙushe cikin ɗan tanti. Duk bayan ɗan lokaci sai ta zuge ƙofa ta jefo kifi kan ƙanƙara, ta zuge. Baba ya ƙirga har bakwai. A na takwas ya tashi.

Ya fita ya tsaya kan raminmu. Ya dafa sanda, a hankali, yana cije leɓe, ya kai gwiwar nan ƙasa. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin ruwan, ya kamo gindin ƙanƙarar ya auna kaurinta da taƙi. Ya tafi ramin dattijon nan ya auna. Ya tafi na uku. Ya daɗe tsaye yana kallon mutane da tantunansu. Sannan ya dawo ya yi wa mutumin Maraɗi nuni da waya, a kira masa 'yarsa.

Muryarta ta fito ta wayar, ga mu muna hango ta a mota. "Lafiya, Baba?"

"Ki ce wa mijinki wagga ba ruwa ba ce, ƙasa ce aka shimfiɗa bisa ruwa. Ki ce ya ɗauko zarton da ya ɓoye ƙarƙashin benci."

Ashe ya gani tun ranar.

Bai bar ni na taɓa ba. Da hannunsa ya yanka, huda ɗaya tak, kuma ya karkata bakin zarton yadda guntun da ya fita zai koma ya zauna daram kamar murfin tulu. Ya naɗe gefensa da tsumma, ya gwada ya toshe, ya buɗe, ya sake toshewa har sau uku kafin ya yarda. Muka ja ɗaki kan ramin, muka rufe ƙofa. Murhu ya kama. Ɗumi ya taso, hancina ya dawo jikina. Ta cikin hudar ruwa ya yi wani haske kore-kore, Baba ya sunkuya kansa yana motsa zare da yatsa biyu, yana magana ƙasa-ƙasa da wani harshen da ban sani ba.

Can sai zare ya girgiza. Abin da ya fito, in ni nake ba da labari a wurin suna, sai da mu uku muka ja shi. Tun da rubutu ne, kuma uwargida za ta karanta, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Kifi ne ruwan ɗorawa mai ratsin baƙi. Baba ya juya shi, ya buɗe bakinsa, ya duba ƙayarsa, ya yi dariyar da ban taɓa ji ba tun zuwansa. Ya ƙara biyu kafin la'asar. Ni ma na kama safar hannun mutumin Maraɗi.

Muka kama hanyar dawowa har muka sauko daga duwatsu. Sai Baba ya tambayi mutumin Maraɗi ƙanƙarar nan tana kai wane wata. Shi kuma ya ce in an yi sa'a har ƙarshen Fabrairu, wani lokaci ta ɗan wuce.

Baba ya shafa gwiwarsa, ya juya wajen 'yarsa.

"Yaushe ne zuwa wurin mai lanƙwasa ƙafar nan?"

"Talata, Baba."

"Ki ce masa ya ƙara mini kwana ɗaya a mako. Tsohuwar can a durƙushe take kamawa, shi ya sa ta fi ni."

Uwargida ta juya fuska wajen taga tana goge ido da bakin mayafi. Da muka isa gida ta yi farfesun kifi uku a tukunyar da ke cin kaza biyar, aka zuba wa Baba biyu, mutumin Maraɗi ɗaya. Ni aka ba ni romo da albasa.