Yayar Tela

A layinsu Sai-an-gama ake kiranta, don ba ta taɓa barin abu rabi ba, ko wanki ne ko faɗa. Ita ta raini ƙaninta bayan rasuwar uwarsu, ta kai shi koyon ɗinki, har ya zama telan da ke zura zare a allura yana hira. Ya yi gemu, amma a wurinta har gobe yaro ne.

Da ciwon gaɓɓai ya matsa masa, aka rubuta masa wasu ƙwayoyi. Mai ba da magani ya ce a shanye duka, kada a tsallake. Ai kuwa ya faɗa wa mai ji! Ana cikin sha zazzaɓi ya rufe tela, ƙuraje suka feso masa a ƙirji, idanu suka yi jajur. Ta kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba, wataƙila ƙyanda ce.

"Yaya, maganin nan ne, ina ji a jikina," in ji shi.

"Raki dai! Buɗe baki."

Haka ta riƙa tsare shi da kofin ruwa safe da yamma, har ranar da ta cire masa riga fatar bayansa ta biyo rigar. Ya rayu, amma idanun sun tafi, sai dishi-dishi. Keken ɗinkin yana lungu, an mai da shi wurin ajiye kwanuka.

Shekaru suka shuɗe da tambaya ɗaya tana cin ta: ƙaddara ce kawai, ko hannunta ne ya makantar da shi? Tela bai taɓa tayar da zancen ba, shirunsa kuwa ya fi mata zagi ciwo.

Kwanan baya wata likita ta kira su. Ta ce suna neman wata alama a jini wadda za ta nuna irin wannan ciwo tun ƙurajen farko, kafin fata ta fara saɓulewa, kuma suna son jinin waɗanda suka tsira. To, madalla. Sai da gari ya ƙone aka fara haƙa rijiya.

"Zai dawo masa da ido?" in ji yayar.

"A'a, Baba. Na baya zai taimaka wa."

Yayar ta sake tambaya. "Da ya daina sha ran da ƙurajen suka fito fa?"

Likitar ta hau gyara safar hannunta. Ta gyara ta dama, ta gyara ta hagu, ba ta ɗago kai ba.

Tela ya laluba ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa damtse wajen da ya ji muryar likita.

"Ɗebi jininki, likita," ya ce. "Yaya, ke kuma jira ni a waje."

Tun da aka haife shi bai taɓa ba ta umarni ba. Ta tashi ta fita.