Minti Goma Sha Ɗaya na Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran mahaifina, mai gyaran agogo, yana zaune a kujerar shagonsa, gilashin aikinsa rataye a wuya. Ƙanina ne ya kira ni a ofis. Na ce masa ina cikin taro, ya yi sauri. Ya ce, "Yaya, ai sauri ya ƙare."

Baba, har yau idan na lumshe ido shagon nan nake gani. Agogai sun cika bango, kowanne yana faɗin nasa lokacin, hasken taga yana kwance kan teburinka, kai kuma ka sunkuya kana lallashin wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba. Akwai agogon hannun da wata gwauruwa ta kawo, na marigayi mijinta. Ka gyara, ta kasa zuwa karɓa. Shekara tara kana murɗa masa kai kullum safe don ya ci gaba da tafiya, wai kada ranar da ta samu ƙarfin zuciya ta tarar ya tsaya. Ba ka taɓa korar mai surutu ba, ba ka taɓa duba agogo a gaban baƙo ba, kai da agogo ke kewaye da kai.

Ni ce ban gado ka ba. 'Yar Gaggawa kake ce mini tun ina rarrafe, kuma sunan ya bi ni. Bayan rasuwar Mama sai zuwana ya koma gaisuwar tsaye, makullin mota a hannu.

Bara ka ce tsohuwar kwamfutar da kake kallon hotunan Mama a ciki ta yi nauyi. Na sayo sabon faifan ajiya, irin mara motsi ɗin nan, na kwafe komai a kansa, na bar tsohon a ciki don ko-ta-kwana. Na yi maka alkawari da baki cike cewa kafin ka gyara zama ta tashi. Muka danna. Ta yi gurnani, ta yi tunani, ta ɗauki minti goma sha ɗaya cif. Kai ka auna da agogon aljihunka, kana dariya har da share hawaye. Ka ce, "'Yar Gaggawa, sauri ya haifi nawa."

Abin ya tsaya mini a rai. Kowace Asabar sai na dawo da sabuwar dabara. Na kashe manhajojin da ke tashi tare da ita. Na yi farautar ƙwayar cuta, ban samu ba. Na canja waya, na hure ƙurar fanka, na share tarkace. Bayan kowane gyara dole a kashe a sake kunnawa, dole kuma a jira. Sai ka jawo mini kujera, ka zuba shayi, ka fara ba da labari. A cikin jiran nan na ji yadda ka fara ganin Mama, ta kawo agogon da lafiyarsa ƙalau. A ciki na ji cewa ka yi kuka ranar da na tafi makarantar kwana. Ina sauraro, rabin hankalina yana kan allon kwamfuta, ina jin haushin ta kunyata ni a gabanka. Wallahi, Baba, wannan rabin hankalin nake nadama.

Kwana uku da rasuwarka, mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Malama, akwai amanar da Baba ya ba ni, ina ganin yanzu ta sauka. Tun watan farko na duba masa injin nan. Ba komai ba ne, daga tsohon faifan take tashi, ba a nuna mata sabon ba. Aikin minti ɗaya ne. Na kai hannu zan gyara, ya riƙe ni. Ya ce, bar ta haka, ɗana. Ranar da ta yi sauri, 'yata ma za ta yi saurin tafiya."

Wata goma ina neman matsalar a cikin akwatin ƙarfe, ashe ka san ta, kana zuba mini shayi.

Asabar ɗin da ta wuce na buɗe shagon. Na murɗa wa agogon gwauruwar kai, na zauna a kujerata, na kunna kwamfutar. Na san inda gyaran yake yanzu, ban taɓa shi ba. Agogai suna ta bugawa, hasken taga ya zo har kan kujerarka, sai na ji kamar ka leƙa baya ne ɗauko sukari. Na zauna minti goma sha ɗayan nan duka, ban duba waya ba. Da hoton Mama ya bayyana, babu wanda zan ce wa kwamfutar ta tashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanina, da Gwaggo da ta rasa ɗan'uwanta na ƙarshe, da jikokinka, da maƙwabtan layi. Allah ya ba mu haƙurin da ka yi ta koya mana. Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Mama cikin rahamarsa. Ka jira ni da yawa a duniya. Ina roƙon Allah kada ya bar ka ka jira ko minti ɗaya a ƙofar Aljanna. Amin.